Ku Fenta Abin da Ido Ya Gani: Nasiha ga Matasan Lafia Masu Ƙera 'Yan Jiragen Yaƙi

Wannan magana taku ce, ku samari da 'yan matan Lafia da kewaye da Allah Ya ɗora wa son ƙera 'yan ƙananan jiragen yaƙi, ko da kwali da gwangwani, ko da katako da bututun roba, ko kuwa irin na kamfani da ke zuwa gunduwa-gunduwa a haɗa a fenta. Ina ganin ayyukanku a baje kolin makarantu, ina kuma ganinsu a wayoyin jikokina. Mu a zamaninmu motar kara da ta langa-langa muka iya, jirgin kara kuwa da ya samu fiffike biyu da wutsiya, shi ke nan ya haɗu. Ku kun kai inda mutum zai dubi aikinku ya ce wannan Alpha Jet ne, wancan JF-17. Allah Ya ƙara basira.

Sai dai akwai wurare biyu da aikin yawancinku ke rauni: fenti, da kayan da kuke ratayawa a jikin jirgin. Yaro zai yi makonni yana sassaƙa gangar jiki har ta fito tsaf, ranar ƙarshe sai ya ɗauko ragowar fentin ƙofa mai sheƙi ya lafta mata, ya jera bama-bamai tun daga gindin fiffike har bakinsa. Nasihata guda ce, sauran duk bayaninta ne: ku ƙera abin da ido ya gani, ku bar abin da zuciya ta raya. Kowane launi da kowane ƙarfe da ke jikin jirgin gaske yana da dalilinsa, kuma wanda ya san dalili ba ya ɗora abu inda ba muhallinsa ba.

Ku fara da sanin gatan da kuke da shi. Makurdi ba ta kai tafiyar awa biyu daga nan ba, kuma ita ce babban gidan jiragen yaƙin ƙasar nan. MiG-21 na Tarayyar Sobiyat, waɗanda Najeriya ta fara saye a 1975, sun yi zama a can. Jaguar guda 18 da aka kawo daga Ingila a 1984 can suka zauna har aka ajiye su. Daga baya F-7Ni na ƙasar Sin suka zo, 12 masu kujera ɗaya, 3 masu kujera biyu. A watan Mayun 2021 kuma a Makurdin aka ƙaddamar da JF-17 guda 3 da aka sayo daga Pakistan. Alpha Jet kuwa, waɗanda aka fara kawowa daga Jamus a 1981 har suka kai 24, gidansu Kainji, su ne suka yi aikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG a Laberiya da Saliyo, suka dawo suka yi na arewa maso gabas. Jirgin da ya yi shekara 40 yana aiki ya sha wanka da sabon fenti ba sau ɗaya ba. Saboda haka kada ka ce kawai za ka ƙera Alpha Jet. Zaɓi jirgi ɗaya, mai lamba ɗaya, a shekara ɗaya, ka tara hotunansa ta gaba da ta baya, ta gefe da ta ƙasa, daga waɗanda rundunar sojan sama da jaridu suka wallafa. Gani ya kori ji. Da hoto a gabanka za ka lura cewa fiffiken MiG-21 miƙaƙƙen kusurwa uku ne, na F-7Ni kuwa yana da karyewa a tsakiya, don haka fenti kaɗai ba zai mayar da wannan ya zama wancan ba.

Sai ma'auni, domin shi ne ke yanke hukunci a kan fenti. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne 1/72, sai 1/48. Faɗin Alpha Jet daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 9.11 ne, a ma'aunin 1/72 zai dawo kusan santimita 12.7. Milimita ɗaya a ɗan jirginka daidai take da santimita 7.2 a jirgin gaske. To ka ga idan ka lafta fenti mai kaurin rabin milimita, ka shafa wa jirgin gaske fenti mai kaurin santimita 3.6 ke nan, ka binne layukan jikinsa da ƙofofin da makanikai ke buɗewa. Haka kuma idan ka tsaya mita ɗaya daga ɗan jirginka, tamkar kana hangen na gaske ne daga mita 72. Abin da ke nesa launinsa yakan yi haske, ya ɗan koɗe. Shi ya sa gwanaye ke ɗiga ɗan fari a cikin kore da ruwan ƙasa kafin su shafa, baƙi ma ba sa sa shi wuluk, sai su ja shi zuwa toka-toka mai duhu.

Launin jirgin yaƙi labarin aikinsa ne. Jiragen zamanin MiG-17, irin waɗanda aka sauke a filin jirgin Kano a 1967 lokacin yaƙin basasa, yawancinsu da farin ƙarfensu suke fitowa daga masana'anta, domin fenti nauyi ne, kuma masu su gudu da nisan sama suka sa a gaba. Da yaƙi ya sauko ƙasa-ƙasa, kamar yadda Amurka ta gani a Biyetnam, sai aka koma dabbare-dabbaren kore da ruwan ƙasa a sama, don wanda ya leƙo daga bisa ya ga jirgin ya saje da daji, cikinsa kuma a ba shi launi mai haske don wanda ke ƙasa ya ga ya saje da sararin samaniya. Daga baya aka gane cewa jirgin da ke farautar wani jirgi a can sama, toka-toka ya fi ɓoye shi. Ku dubi Super Tucano guda 12, waɗanda shida na farko suka sauka a Kano a watan Yulin 2021. Masu farfela ne, amma darasinsu ya shafe mu: wasu an yi musu fentin daji, wasu na hamada, gwargwadon ƙasar da za su yi shawagi a kanta.

Sheƙi kuwa abokin gaba ne ga jirgin yaƙi. Fiffike mai ƙyalli yana juyawa rana ta haska shi, an gan shi daga nesa. Don haka fentinsa dishi-dishi ne. Amma ga Alpha Jet ɗin nan dai a hannun tawagar wasan sama ta Faransa, shuɗi da fari da ja, yana ta walƙiya, saboda su so suke a gan su. Jirgi iri ɗaya, aiki daban, fenti daban. Kafin ka buɗe gwangwani tambayi kanka: wannan jirgin ɓuya yake yi ko nuna kansa?

Yanzu ga yadda hannu zai bi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, fenti kuma tun daga sanfefa. Wanke jikin da ruwan sabulu don maiƙon yatsu ya fita. Cike ramuka da mahaɗa da fila, ka goge da sanfefa mai laushi wadda ka jiƙa da ruwa. Sa faraima toka-toka siriri, ka bari ya bushe, sa'an nan ka ɗaga jirgin saitin taga ka juya shi a hankali. Duk wani karce da ya ɓuya zai fito, ka koma ka gyara. Tsinka fentinka har ya riƙa sauka daga bakin tsinke ɗigo-ɗigo. Shafi na farko zai fito da zane-zane, ba zai burge ka ba, kada ka ruɗu ka ƙara masa kauri. Bar shi ya bushe ka sake, ka kuma sakewa. Shafi uku sirara sun fi ɗaya mai kauri. Fara da launi mai haske, ka ƙare da mai duhu. Wajen dabbare-dabbare, zana taswirar a takarda daga hoto, ka yanke, ka ɗora. Idan a hoton gefen launukan kaifi gare shi, manna takardar ta kwanta sosai. Idan kuwa launukan sun narke cikin juna, nannaɗe ɗan tef ka sa a ƙarƙashin takardar ta ɗan ɗago, feshin zai shiga ƙarƙashinta kaɗan ya ba ka gefe mai taushi. Wanda ba shi da bindigar feshi, buroshi mai laushi da haƙuri za su kai shi.

Ku san halin kayan aikinku. Tina da fentin mota suna cin farar kumfar da ke zuwa cikin kwalin firji, suna kuma ƙona robar jiragen kamfani. Mai aiki da kumfa ya fara rufe ta da takarda da farin gam na kafinta da aka tsinka da ruwa, ko ya yi amfani da fenti mai narkewa a ruwa. Gam mai kamawa nan take yana sa murfin gilashin matuƙi ya yi hazo fari, mai wuyar gyaruwa, don haka farin gam ɗin nan ake sawa a wurin. Duk sabon fenti a gwada shi a kan guntun da aka yar tukuna. Ku kuma san garinku. Daminar Lafia doguwa ce, iska na ɗauke da laima, wanda ya yi feshi ranar da hadari ya haɗu zai ga fentin ya yi fari-fari kamar ya yi fumfuna. Da hunturu ƙura ce matsala: yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara, kana gamawa ka kifa kwali mai tsabta a kan aikin. Da bazara kuwa fenti yakan bushe a iska kafin ya sauka, jiki ya yi gurje-gurje, don haka aikin sassafe ne. Ina roƙonku, kada ku yi feshi a ɗaki a rufe, ko kusa da risho da murhun gawayi, kuma ku rufe hanci. Huhu ba a sayen wani.

Alamomi su ne sunan jirgi, kada a yi musu riƙon sakainar kashi. Tambarin sojan samanmu zobe ne, kore a waje, fari a tsakiya, kore a ciki. Da kamfas na akwatin lissafi ake fitar da shi, hannu kawai ba ya ba da da'ira. Ga tuta a wutsiya, ga haruffan NAF da lamba. JF-17 ɗinmu 720 da 721 da 722 ne, wanda ya rubuta wata lamba daban ya ƙirƙiro jirgin da babu shi. Mai amfani da sitikar da ake jiƙawa a ruwa ya fara shafa banish mai sheƙi a wurin, domin a kan jiki dishi-dishi iska na maƙalewa ƙarƙashin sitika ta yi fari. Bayan ta kama sai a bi duka jirgin da banish marar sheƙi, a tsallake gilashi. Fitilar bakin fiffiken hagu ja ce, ta dama kore, kuma hagu da daman matuƙi ake nufi yana zaune a kujerarsa. Hancin da rada ke ciki ba a sa masa fenti mai ƙarfe-ƙarfe don kada ya tare ta, shi ya sa launinsa kan bambanta da na jiki. Bakin salansa ba fenti a jikinsa, ƙarfe ne da wuta ta gasa. Goga bakin fensir a sanfefa, ka dangwali garin da yatsa ka murza a kan baƙin fenti, za ka ga ƙarfe ya fito. Ɗan jan alwatikan nan da ke gefen mazaunin matuƙi gargaɗi ne cewa akwai kujera mai cilla mutum waje. Irin wannan kujera ce Allah Ya sa ta zama sanadin tsirar matuƙi Abayomi Dairo a watan Yulin 2021, lokacin da aka harbo Alpha Jet ɗinsa a yankin Zamfara. Alama ce ƙarama, amma rai ke bayanta, kada ka manta da ita.

Tsufa da datti a sa su da awo. Rana takan koɗar da saman fiffike fiye da ciki. Mai da ya tsiyayo iska ke jan sa, saboda haka zirinsa daga gaba yake tafiya zuwa baya. Inda takalma ke takawa wajen hawa yakan yi duhu, bakin bindiga yakan yi baƙin hayaƙi. Garin alli mai launi da ɗan gawayi a busasshen buroshi sun isa. Amma kada ka mayar da jirgin da ke bakin aiki kamar wanda aka yasar a juji. Akwai makanikai da ke kwana a kansa, aikinka ya nuna ƙoƙarinsu.

Mu zo ga kayan rataye, inda zumuɗi ya fi kayar da yara. Na ga ɗan jirgi mai kyan gaske, an yi masa lodi kamar motar doya ranar kasuwar Agyaragu. Jirgin gaske ba ya ɗaukar haka. Maratayansa ƙidayayyu ne, kowanne da iyakar nauyinsa. JF-17 bakwai gare shi: biyu a bakin fukafukai, huɗu a ƙarƙashinsu, ɗaya a ciki. Na bakin fiffike na siririn makami mai linzami ne na harbin wani jirgi, bam ba ya zuwa wurin. Alpha Jet huɗu gare shi a ƙarƙashin fukafukai, bindigarsa kuma a cikin wani kwando take da ake ɗaurawa a cikinsa, ana iya cirewa. Super Tucano bindigoginsa biyu a cikin fukafukai suke, yana da ƙwallon kyamara a ƙasan jikinsa. Duk kilo ɗaya da aka ƙara yana rage nisan tafiya, yana ƙara tsawon gudun da jirgi zai yi kafin ya ɗaga, balle a zafi irin namu da iska ke yin sakayau. Shi ya sa a yawancin hotuna za ka ga maratayan ba a cika su ba.

Ku koyi bambance kayan. Dogon abin nan sumul mai tsini gaba da baya, wanda yara ke kira babban bam, tankin mai ne na ƙari, kuma sau da yawa launinsa ɗaya da na jirgin. Bam ya fi shi gajarta, yana da 'yan fukafukai a gindi. Kwandon roka kamar gwangwani yake, da ramuka a fuska. A tsarin ƙasashen Yamma, rawayan zobe a jikin bam yana nufin mai fashewa ne, shuɗi kuma na atisaye ne. Murfin biro da aka goge yana ba da tanki mai kyau, bututun biro yana ba da kwandon roka, allura tana ba da tsinken auna gudu da ke hanci. Abin da ka sa a dama, yawanci irin nauyinsa za ka sa a hagu. Sa'an nan ka yanke shawara: jirgin nan a ƙasa yake ko a sama? Idan a ƙasa ne, tayoyi a waje, da katakon tare taya, da tsani, da jajayen ƙyallayen da ake cirewa kafin tashi, ka kuma ɓoye ɗan nauyi a hanci don kada ya zauna kan wutsiya. Idan a sama ne, tayoyi a naɗe, ba ƙyalle ko ɗaya, matuƙi na kujerarsa. Jirgin L-39 na makarantar koyon tuƙi ta Kano a ranar darasi, ba komai a fiffike ko tankin mai kawai, ya fi gaskiya, ya kuma fi kyau a idon wanda ya sani.

Akwai wani dalilin da ya sa nake so ku yi hattara da jera makamai, kuma ya fi na ƙa'ida nauyi. Abin da kuke sassaƙawa da murfin biro, na gaskensa rai yake ɗauka. Mu mutanen Nasarawa ba labari aka ba mu ba. A watan Janairun 2023 bam ya faɗo daga sama a Rukubi da ke ƙaramar hukumar Doma, mutane da dama suka rasu, akasarinsu makiyaya. Kafin nan an yi na sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno a 2017. Su ma matuƙan da ransu suke wannan aiki: Bello Baba-Ari ya rasu a watan Satumban 2018 lokacin da F-7Ni biyu suka yi karo a Abuja suna atisayen bikin 'yancin kai. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Ku so jirgi don hikimar da ke cikin ƙirarsa, ku girmama masu tsare ƙasa da shi, amma kada zuciyarku ta saba da ɗaukar bam a matsayin kayan ado.

Kada kuma son hoto ya kai ɗayanku shingen sansanin soja ko filin jirgin Kwandere da waya a hannu. Wannan hanya ce ta jawo wa kai da iyaye tashin hankali. Hotunan da aka wallafa sun wadatar, wanda kuma Allah Ya kai shi Umuahia zai ga MiG-17 da Il-28 na zamanin yaƙin basasa ido da ido a gidan tarihin yaƙi.

Wanda ya ce muku wannan wasan yara ne, ku ba shi amsa da ladabi. A 1942 rundunar sojan ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa 'yan jirage 500,000 a ma'aunin 1/72, don a koya wa sojoji bambance jirgin gida da na abokan gaba da kallo ɗaya. Idon da ya saba auna milimita, da hannun da ya iya jiran fenti ya bushe, su ake nema a kwalejin fasaha ta sojan sama da ke Kaduna, garin da aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi Tsaigumi a 2018, su ake nema a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya. Ga jami'ar tarayya da kwalejin kimiyya da fasaha ta Isa Mustapha Agwai a cikin garinku. Amma ƙofar duk waɗannan lissafi ne da kimiyya, don haka kada ɗan jirgi ya cinye lokacin karatu, balle na salla da aiken iyaye.

Ku kuma iyaye, idan kun ga yaro ya duƙufa da kwali da gam, ku saya masa rula da kamfas, ku tambaye shi dalilin kowane launi da ya sa. Ku 'ya'yana, wanda ya iya ya koya wa na baya, wanda aka gyara wa aiki ya yi godiya. Kafin ku sake buɗe gwangwanin fenti, ku ajiye hoton jirgin a gabanku, ku ƙidaya maratayansa, ku tsinka fentinku, ku yi haƙuri ya bushe. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa wannan baiwa ta amfane ku ta amfani ƙasa, Ya zaunar da Nasarawa da Najeriya lafiya. Amin.